Jagorar ɗora wasan Sufeton Gwamnati a dandamalin Sakkwato

Rubutu ɗaya ne, amma ƙungiyoyi biyu za su ɗora shi a dandamali ka rantse ba wasa ɗaya ka kalla ba. A na farko a yi ta ƙyaƙyata, a fito ana cewa yaran nan akwai ban dariya, kafin mutum ya sami kabu-kabun komawa Mabera ya manta abin da aka yi. A na biyu ma a yi dariyar, sai dai kowa ya fito yana tuna wani ofishi da ya taɓa shiga, ko ma wanda yake zama a ciki. Abin da ya raba su shawarwarin darakta ne: wa ya ba wane matsayi, ina ya kafa ƙofa, wa ya zaunar a kujera, wa ya bari a ƙasa, a ina ya ce a yi shiru.

Zan bi waɗannan shawarwari da wasa guda, wanda a ganina babu tsohon wasan barkwancin da ya fi shi dacewa da 'yan sakandarenmu, ko ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shi ne Sufeton Gwamnati na Nikolai Gogol, wanda aka fara yi a birnin Fitasbag na Rasha a watan Afrilun 1836, Sarki Nikolas na Ɗaya yana cikin 'yan kallo. Labarin ba shi da tsawo. Shugaban wani ƙaramin gari mai nisa da hedikwata ya sami wasiƙa cewa sufeto na tafe a ɓoye. Shi da alƙali da mai kula da asibiti da mai kula da makarantu da mai gidan waya, kowa da kashi a gindinsa. Sai wasu magulmata biyu suka zo da labarin wani saurayi daga babban birni da ya yi mako biyu a masauki bai biya ko sisi ba. Nan take aka yanke cewa shi ne. Alhali ƙaramin akawu ne ɗan shekara 23 da ya zubar da kuɗin hanyarsa a karta. Aka kai shi gidan shugaba, aka ciyar da shi, aka cika masa aljihu, har aka yi masa alkawarin 'yar gidan, ya cika wandonsa da iska. Mai gidan waya ya buɗe wasiƙar da ya rubuta wa abokinsa yana yi musu ba'a, ana cikin jimamin abin da ke cikinta aka shigo aka ce sufeton gaske ya iso.

Tsoro ne ke jan wasan nan daga farko har ƙarshe. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yaron bai shirya yaudarar kowa ba, fargabarsu ce ta naɗa masa rawani. Gogol kansa bai ji daɗin wasan farko ba, domin wanda ya fito a saurayin ya mai da shi gogaggen ɗan damfara irin na wasan wawaye, magulmatan biyu kuma aka ɗora musu wani ƙaton gashin kanti, kayansu a hargitse. Daga baya ya rubuta wa 'yan wasa gargaɗi, ya ce gwargwadon yadda mutum ya rage tunanin ba da dariya, gwargwadon yadda abin dariyar zai fito. Matakan da ke tafe duk daga nan suka taso.

Mataki na ɗaya: san lokacinka, sannan ka ɗauki almakashi

Wasan rana a Sakkwato tsakanin la'asar da magariba yake. In ka cire jiran manyan baƙi da addu'ar buɗe taro da jawabin shugaban makaranta, da ƙyar ka tsira da awa ɗaya da rabi. Wasan kuwa kashi biyar ne, in aka yi shi duka ya zarce haka nesa. Babu abin da ke kashe shi kamar a kira salla ana tsakiyar fitowar ƙarshe, zaure ya watse. Don haka yanka ya zama dole. Taƙaita dogon surutun da baran saurayin ke yi shi kaɗai, haɗa mutanen gari masu kawo wa saurayin ƙarar shugaba su zama ayari ɗaya, rage masu zuwa taya murnar baiko. Abubuwa shida ne ba a taɓawa: taron farko, haɗuwa a masauki, fitowar ƙarairayi, jerin masu ba da rance, karatun wasiƙa, da sandarewar ƙarshe, inda kowa ke ƙamewa da jin isowar sufeton gaske.

In zaɓin wata a hannunka yake, nemi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma ɗan wasan da ke cikin babbar riga ƙarƙashin rufin kwano ba zai iya gudun da wasan ke nema ba.

Mataki na biyu: wace shekara, wane gari

Nan ne shawara mafi nauyi. In ka kawo labarin zamanin yau, ya rushe tun a fitowar farko, domin kowane yaro a zauren zai ce: to me ya hana su buga waya hedikwata, ko su nemi hotonsa a Facebook? Wasan yana buƙatar gari mai nisa, hanya marar kyau, da labarin da ke zuwa a wasiƙa. Wayar salula sai 2001 ta shigo mana, saboda haka ka koma bayan wannan shekarar.

In kuma ka koma can zamanin En'e, shugaban garin zai zama hakimi, ka shiga batun sarauta. A garin Sarkin Musulmi wannan zai janye hankalin mutane daga wasan zuwa gardamar ko an ci mutuncin rawani. Shawarata ita ce 1984. Sojoji sun karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1983, an naɗa kantomomi a ƙananan hukumomi, a watan Maris aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, ma'aikaci na jin ƙarar mota gabansa na faɗuwa. Babban birnin ƙasa kuma har lokacin Ikko ne, sai Disambar 1991 aka koma Abuja. Ka ga sufeto daga Ikko mutum ne da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Shugaban garin ya zama kantoma, tsohon ma'aikaci mai shekara talatin a bakin aiki, kamar yadda na cikin asalin wasan ke bugun ƙirji da su.

Kada ka sa wa garin suna. Gogol ma bai sa ba. Jihar nan ƙananan hukumomi 23 gare ta, duk wadda ka ambata, akwai ɗanta a zauren.

Sauran canje-canjen ba su da wuya. Alƙalin ya zama majistare mai kwat. A asali yana kare kansa da cewa shi 'yan kwikwiyon farauta kawai yake karɓa, naka sai ya ce shi bai taɓa karɓar kuɗi ba, ɗan rago ne kawai lokacin layya. Dinyoyin da masu gadi ke kiwo a harabar kotu su zama zabbi. Likitan da ba ya jin harshen marasa lafiya ka bar shi yadda yake, ba sai ka faɗi ƙasarsa ba. Akwai kuɗin ginin coci da aka cinye, aka shirya cewa an fara gini gobara ta ci. Kada ka mai da shi masallaci. Mai da shi ajin firamare ko rijiyar burtsatse, dariyar ba za ta ragu ba, kuma ba wanda zai tashi ya fita.

Mataki na uku: rabon matsayi

Kowace ƙungiya tana da yaron da in ya buɗe baki ake faɗuwa da dariya. Kowa zai ce a ba shi saurayin. Hana shi. Yaro irin wannan ya san yana da ban dariya, zai riƙa satar kallon 'yan kallo yana neman tafi, daga nan saurayin ya zama mai wayo, in kuwa ya zama mai wayo, jami'an sun zama waɗanda aka zalunta. Nemi siriri mai fuskar rashin laifi, mai saurin magana, wanda zai faɗi ƙarya da zuciya ɗaya domin shi ma a lokacin ya yarda da ita.

Kantoma ka ba wanda ya fi kowa kwarjini, irin wanda ake ba matsayin uba a wasan hawaye. Ba wawa ba ne. Mutum ne da ya daɗe yana damfarar 'yan damfara, shi ya sa faɗuwarsa ke da daɗin kallo. Mai barkwancin naka kuma ka haɗa shi da wani mai kama da shi a tsawo da ƙiba, su zama magulmatan biyu masu katse wa juna magana. A nan baiwarsa za ta yi amfani. Baran saurayin dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma shi ya fi kowa hankali a wasan, shi ne ke cewa maigida mu bar garin nan tun asiri bai tonu ba.

Mataki na huɗu: ƙofa, kujera, takalmi

Ba ka buƙatar zanen bango ko kayan ado masu tsada. Abu uku za ka kashe wa tunani.

Ƙofa ɗaya tak, ta gaske mai gwangwani da ƙyaure, a gefen da ya fi nisa da kujerar kantoma, inda duk zauren ke ganinta. Tun a taron farko ka koya wa 'yan kallo jin tsoronta. Ana cikin shawarar yadda za a ɓoye ɓarna, ƙyaure ya motsa, kowa ya miƙe zumbur, ashe masinja ne da tiren shayi. Sau biyu ya isa, na uku ya zama wasa da hankali. Ta wannan ƙofar magulmata za su faɗo, ta nan sanarwar ƙarshe za ta shigo. A fitowar masauki ɗaya daga magulmatan yana laɓe yana saurare har ƙyauren ya ɓalle ya faɗo tare da shi. Sa kafinta ya yi maka maratayin da ake zare ƙusarsa daga baya, ka shimfiɗa katifa siririya ƙarƙashin tabarma, a gwada faɗuwar a hankali har jiki ya saba.

Kujera kuma ita ce babbar sa'arka, domin Bahaushe yana karanta matsayi daga wurin zama tun ba a yi magana ba. A kashi na farko kantoma na kan kujerar kushin, shugabannin sassa a benci, masinja a ƙasa kusa da takalma. A kashi na uku saurayin ne a kan kushin ɗin, kantoma a tsaye a gidansa. A kashi na biyar kantoma ya koma kanta ya baje, yana mafarkin ƙarin girma da gida a Ikko. Ko kurma ya kalli inda kujerar nan ta bi ya gane labarin.

Fitowar masauki ta cancanci ka ba ta kwanaki ita kaɗai. Ɗaki ne ƙuntatacce, tabarma da buta da akwati, babu kujera ko ɗaya. Saurayin ya ji an ce kantoma na nemansa, ya tabbata gidan yari za a kai shi saboda bashin mai masauki. Kantoma kuma ya tabbata aikinsa ya ƙare. Ga yadda nake tsara ta. Kantoma ya tsaya a bakin ƙofa, ya tuɓe takalmi, a ɗakin da ko masinjansa ba zai tuɓe ba. Su kalli juna, ba mai magana, ɗan wasa ya ƙirga biyar a zuci. Kantoma ya rusuna. Saurayin, don tsoro, shi ma ya rusuna. Kantoma ya ga babban mutum ya rusuna masa, sai ya ƙara yin ƙasa har gwiwa ta taɓa tabarma. Sannan magana ta fito:

"Ranka shi daɗe, wanga ɗaki bai kamace ka ba. Akwai wurin da munka tanadar maka."

"Na san wurin! Ba inda za ni. Na ce zan biya, kuɗi kawai nake jira daga gida!"

Saurayin na ɗaga murya don ya ɓoye rawar jikinsa, kantoma na jin tsawar a matsayin fushin hukuma. Kowannensu ya yi wasan kamar ransa ne a kai. In ɗayansu ya yi murmushi ko ya juyo ya ƙifta wa zaure ido, fitowar ta mutu. A nan za ka gane ko rabon matsayinka ya yi daidai.

Mataki na biyar: fitowar ƙarairayi

A asali an kai saurayin cin abinci a asibiti an ɗura masa giya, ya iso gidan shugaba harshe ya saku. Giya a dandamalin makaranta a Sakkwato ba ta taso ba, kuma ba ka buƙatarta. Mutum ne da ya kwana biyu da yunwa, aka ajiye masa tuwon shinkafa da gasasshen rago da fura mai sanyi, ga manyan gari sun zuba masa ido suna jiran abin da zai ce. Ƙoshi da girmamawa sun isa su bugar da wanda bai saba da ko ɗaya ba.

Ƙarairayin hawa-hawa suke. Ya fara da abin da ya kusa gaskiya, cewa shugaban ofishinsu na dafa masa kafaɗa. Daga nan ya zama marubucin littattafan da kowa ya sani, ya zama mai gidan da ya fi kowane a birni, ana kawo masa miya daga wata ƙasa tana tururi, har ya kai ga masinjoji dubu talatin da biyar suna yawo a titi suna nemansa ya zo ya riƙe wata ma'aikata. Ka fara shi a zaune, murya ƙasa. Kada ya miƙe sai ya wuce rabi.

Amma masu sauraro ne ke ɗauke da fitowar. Ba kowane jami'i lokacin tashinsa: mai kula da makarantu, wanda ya fi kowa tsoro, shi zai fara miƙewa, majistare ya biyo baya, har a ƙare kowa na tsaye yana kyarma. Akwai wurin da bakinsa ke suɓucewa ya ambaci ɗan ɗakinsa na can saman bene, sannan ya yi maza ya gyara. Sa a yi shiru na numfashi ɗaya a nan. 'Yan kallo su ga gaskiya ta faɗo a tsakar ɗaki, jami'ai su kalle ta, tsoro ya hana kowa ɗauka. A ƙarshe santsi ya kwashe shi, su ruga su tare shi cikin ladabi.

Mataki na shida: jerin masu rance

Jami'ai na shigowa ɗaya bayan ɗaya. Haɗarin a fili yake, abu ɗaya sau biyar yana gundura. Maganinsa biyu ne. Na farko, saurayin yana koyo. Wurin majistare bai ma san kuɗi aka kawo ba, sai da suka suɓuce daga hannun mai rawar jiki suka faɗi ƙasa, ya tsinta, ya tambaya cikin jin kunya ko za a ranta masa. Wurin na biyu kunyar ta ragu. Kafin a kai ga magulmata ko gaisuwa ba ya bari a gama. Don haka kowace shiga ta fi ta gabanta gajarta. Na biyu, kowane jami'i da inda ya ɓoye nasa: wannan cikin hula, wannan a aljihun gaban babbar riga, wancan tsakanin takardun fayil, wani a safa sai ya tsuguna. Mai kula da asibiti ya ƙara da tsegumin abokan aikinsa. Kalmar cin hanci kada ta fito daga bakin mai bayarwa, rance ne, kowa ya san ba za a biya ba.

Akwai wata hanyar. A Mosko a 1926, darakta Meyerhold ya kafa bango mai lanƙwasa mai ƙofofi da yawa, jami'ai suka ɓullo ta cikinsu lokaci guda kowa na miƙo kuɗi. Wannan ya mai da fitowar mugun mafarki, mutane suka ɓace, tsarin ne ya rage. Yana da ƙarfi, yana kuma rage lokaci. Ni dai ga ɗalibai na fi son ɗaya bayan ɗaya, domin kowane yaro ya sami minti biyunsa, kuma 'yan kallonmu sun fi jin daɗin gane hali: wannan ai irin wane ne.

Da 'yan kasuwa suka shigo da ƙara, sauya launi kaɗan. Su zo da buhun sukari da albasa da ƙilishi, saurayin ya ce shi ba ya karɓar toshiya, amma in rance ne to, baransa kuma ya kwashe kayan har igiyar ɗaurin. Wannan abin dariya ne. Matar da aka yi wa bulala ba da hakki ba kuwa, a bar ta ta faɗi kukanta da gaske. Zauren zai ɗan yi tsit, kuma ana so ya yi, don a tuna cewa ɓarnar mutanen nan tana da waɗanda take ci.

Mataki na bakwai: Hajiya da 'yarta

A asali saurayin ya sumbaci kafaɗar yarinyar, ya durƙusa wa uwar yana furta mata so, sannan ya koma kan 'yar. In ka yi haka a nan, dariya za ta tsaya cak, ka ji ana salati. Taɓa jiki dai babu shi. Furta so ga matar aure kuma, hanyar da na ga tana aiki ita ce labule. Yarinyar ta kawo abinci ta koma bayan labule, yana yi mata daɗin baki, Hajiya ta zo ta janye ta ta tsaya a wurin don jin me ake cewa, shi kuwa ya ci gaba bai sani ba. Ka san abin da ka sayar: a asali rashin kunyarsa da rashin tunaninsa ne ke fitowa, a naka kuskure ne. Ka maido da abin da ya ɓace ta wurin sa shi, bayan ya gane, ya ci gaba da zancen kamar ba komai, duk wadda aka ba shi daidai ne.

Gasar uwa da 'ya kan kwalliya da leƙen taga ka bar ta, tana da daɗi. Makarantar 'yan mata za ta iya yin wasan duka ba namiji ko ɗaya, ai matan fada sun daɗe suna kwaikwayon sarki da fadawansa a wasan gauta. Makarantar maza kuwa, duk da an saba ganin yaro da zane a tashe, a nan zanen zai cinye fitowar. Gara murya daga bayan labule.

Mataki na takwas: bakin da kowa zai yi magana da shi

Jami'ai a tsakaninsu Sakkwatanci zalla: "Mi kac ce? Shina tahe? Mun shiga ukku!" Gaban baƙo sai su koma wata Hausar rediyo mai sitaci, tana suɓuce musu in tsoro ya yi yawa. Saurayin kuma Hausar birni mai yayyafin Turanci, rabinsa ba daidai ba. Mun saba a wasu finafinai a sa Basakkwace ya buɗe baki don a yi dariyar harshensa. A gida abin ya juya: maganar jami'ai ita ce ta kowa, ta baƙon ce abar mamaki. In ka bar 'yan wasa suna ƙara wa Sakkwatancin gishiri don neman dariya, ka mai da jami'an wasu ƙauyawa can, ka ba 'yan kallo hanyar cewa ba da su ake ba.

Mataki na tara: gwaji da kayan sauti

Makirufo ɗaya da ake miƙa wa juna ya kashe wasannin barkwanci da yawa a garin nan. Amsar da ya kamata ta faɗo nan take sai ta jira a miƙo. In zauren matsakaici ne, a koyi ɗaga murya a bar na'ura. In babba ne, a kafa biyu ko uku a gaban dandamali, ba mai riƙewa. Janareta a kai shi nesa, a ja waya.

Koya musu jiran dariya: ba a magana a kanta, ba a kuma jira ta mutu, ana shiga ne daidai lokacin da ta fara sauka. Wannan ba ya koyuwa a zauren da ba kowa, don haka mako guda kafin ranar, kira aji ɗaya su zauna su kalla. Duk abin da ɗan wasa ya ƙirƙiro a gwaji, in ya yi kyau a rubuta shi ya zama na wasan. Ranar wasa ba ƙari. Wanda ya ji tafi ya ƙara nasa, lokacin abokinsa ya ci.

Mataki na goma: wasiƙa, tambaya, sandarewa

Karatun wasiƙa a yi shi da sauri. Kowa na jin daɗin karanta zagin wani, in ya iso kan nasa sai tari ya kama shi, ko ya ce rubutun bai fita ba, wani ya fizge. Tsara hanyar da takardar za ta bi daga hannu zuwa hannu ta ratsa dandamalin duka.

Daga nan kantoma ya fashe. A gyaran da Gogol ya yi wa wasan a 1842 ne ya ƙara wurin da shugaban ke tambayar me ake yi wa dariya, ya ce kanku kuke yi wa. Ga wa zai faɗa? In ya faɗa wa jami'an da ke kan dandamali, wasan ya tsaya a garinsu, 'yan kallo su tafi gida da wankakken hannu. In ya juyo ya fuskanci zaure, a kunna fitilun zauren a daidai lokacin, magana ta zama tamu. Na biyun nake zaɓa, da sharaɗi. A layin gaba akwai manyan baƙi, wataƙila har da shugaban ƙaramar hukuma na gaske. Ɗan wasa ya jefa idonsa tsakiyar zaure, kada ya tsayar da shi kan mutum ɗaya, kada ya nuna da yatsa. Tun a gwaji ka hana kwaikwayon tafiya ko karin hula ko muryar wani jami'in da aka sani. Ka kuma ba shugaban makaranta labarin wasan tun kafin a buga katin gayyata, kada ya fara jin sa a gaban baƙinsa.

Mai sanarwar ƙarshe soja ne, ya tsaya a ƙofar nan, ya faɗa da murya marar ado cewa jami'in da aka turo daga Ikko ya sauka, yana neman kowa yanzu. Kada ka nuna sufeton. Kowa ya sandare a inda yake. Gogol ya rubuta cewa a daɗe haka kusan minti ɗaya da rabi, Meyerhold kuwa mutum-mutumi ya jera a madadin 'yan wasan. Kai da mutane za ka yi, don haka zaɓa wa kowa tsayuwar da jiki zai iya riƙewa: ƙafa biyu a ƙasa, hannu kada ya wuce kafaɗa sai na kantoma da ke tsakiya, ido a kafe kan abu ɗaya don kada dariya ta kama mutum. A fara gwadawa da daƙiƙa ashirin, a riƙa ƙarawa kullum.

Zauren zai yi dariya da farko, sannan a fara tafi ana zaton an gama, sannan tafin ya mutu mutane su fara kallon juna. Wannan kallon junan ake nema, kuma ba ya zuwa kafin minti guda. Mai jan labule shi zai riƙe agogo. Ka gaya masa ko babban baƙo ya miƙe yana gyara riga, kada ya ja sai lokacin ya cika.